Mai Riƙe da Biro

Ya kai ɗalibi, ko ke ɗaliba, da ke riƙe da wannan littafi, ina jin Hausa ba ita ce harshen da aka yi maka reno da shi ba. Ni ma haka. An haife ni a wani ƙauye kusa da Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, a gidan da idan gari ya waye ba ka jin komai sai harshen Adara. Hausa a kasuwa na tsince ta, ranar Alhamis, ina riƙe da gefen zanen mahaifiyata tana cinikin gyaɗa. Rubuta ta kuwa sai da na shiga makaranta a shekarar 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwaso mu manya da ƙanana aka zuba a aji ɗaya. Yau na haura shekara ashirin da biyar ina koyar da Hausa a sakandare, amma abin da nake so in gaya maka game da rubutu ba a kwalejin horon malamai na fara saninsa ba. A hannun monita na san shi.

Na tabbata ka san monita. Idan malami zai fita, sai ya yago takarda ya miƙa wa wani yaro ya ce, "Rubuta mini sunayen masu surutu." Monitanmu na aji uku ɗan ƙaramin yaro ne, da a filin wasa ne kowa zai kayar da shi. Amma da zarar takardar nan ta shiga hannunsa, sai ka ga ƙattin aji sun yi laushi, wannan ya tura masa ƙuli-ƙuli, wancan ya gutsura masa rake. Wata rana ya sa sunana, alhali kuwa ban ce uffan ba, kaina ma a kife yake a kan benci. Da malam ya dawo na rantse, na kira shaidu biyu. Bai saurare su ba. Ya ɗaga takardar ya ce, "To ga sunanka a rubuce." Na sha bulala shida. Zafin bulalar ya wuce kafin a tashi, amma maganar ta zauna mini. Bakin mutum uku bai iya ja da layi ɗaya na fensir ba. Kada kuma ka ɗauka na fita daga wannan darasi da halin kirki: da aka naɗa ni monita a aji huɗu, sunan da na fara rubutawa na wani yaro ne da ya hana ni buga ƙwallonsa.

Ban da takardar monita, rubutu a wurinmu kwafa ce kawai. Malam ya cika allo, mu cika littafi. Ranar shifta ya karanta, mu rubuta, ya ƙirga kurakurai. Idan aka zo insha'i, sai ya rubuta mana samfuri a allo, mu haddace. Na tuna shekarar da aka ce mu rubuta yadda muka yi hutu. Dukanmu, mu fiye da hamsin, mun tafi Kaduna a cikin mota, mun ga gadar kogi, mun ziyarci kawunmu, mun dawo lafiya. Gaskiyar magana kuwa, mafi yawanmu a gona muka yi hutun muna korar birai daga masara. Ba wanda ya rubuta birai, domin birai ba sa cikin samfurin malam. Ba a taɓa ce mana abin da muka sani bai cancanci shiga takarda ba, amma mun gane hakan ba tare da an faɗa ba.

A gida kuwa abin ya juye. Ina aji biyar na zama magatakardan kakata. Ɗanta, wato ƙanen mahaifina, yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, kuma duk wata sai ta zaunar da ni a kan turmi ta faɗi saƙonta da Adara, ni kuma in mayar da shi Hausa a takarda, domin ba a koya mana rubuta harshenmu ba. Idan ta yi faɗa mai zafi a kan jinkar ɗakinta da ke yoyo, sai in sassauta. Idan ta yi tsawo, in taƙaita. Wata rana zuciya ta raya mini, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: a sayo wa yaron nan takalmi. Bayan mako uku sai ga takalmi, tare da amsa cewa an cika umurnin Kaka. Da aka karanta mata, ta dube ni ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Ashe yanzu bakina a hannunka yake, maigida." Ba ta doke ni ba. Sai dai daga ranar, in na gama rubutu sai ta aika a kira wani yaron maƙwabta ya karanta mata abin da na sa. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko wasali ba ta gano abin da hukumomi ke kira bincike.

Ka ga ke nan, yaro ɗaya ne, a aji ba shi da ta cewa sai abin da ke allo, a gida kuma shi ke iko da maganar kakarsa. Da na girma na karanta tarihin rubutun boko, sai na ga abin da ya faru da ni ya faru da ƙasa gaba ɗaya.

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna rubuta harshensu da ajami, wato da haruffan Larabci. Da Ingilishi suka kafa mulki a Arewa, sai suka zaɓi haruffan boko su zama na ofis da makarantar gwamnati. Hans Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Da wannan zaɓi, malamin da ya ƙoshi da karatu, wanda ke rubuta wasiƙa da waƙa da ajami, ya wayi gari yana bukatar yaron da ya yi 'yan shekaru a boko ya cike masa takardar hukuma. A nan kudancin lardin Zazzau kuwa, inda harsuna suke da yawa, Hausa ce ta zama harshen kotu da na haraji, kuma 'yan mishan suka riƙe ta a majami'u da makarantunsu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Saboda haka wanda ya riƙe alƙalami a wancan zamani shi ya rubuta sunayenmu yadda kunnensa ya ji ko yadda tafinta ya gaya masa. Mu aka rubuta mu Kadara. Bajju aka rubuta su Kaje, Atyap aka rubuta su Katab, Ham suka zama Jaba, Gbagyi suka zama Gwari. Shekaru da dama haka sunayen suka zauna a taswira da rajista. Ba su fara gyaruwa ba sai da 'ya'yan waɗannan al'ummu suka iya rubutu, suka rubuta takardun koke da littattafai, suka nace a kira su da sunan da suke kiran kansu. Da haruffan da aka rubuta su da su, da su suka yi gyaran.

Abin da ya sa nake kawo maka wannan shi ne, kada ka ɗauka darasin insha'i ƙaramin abu ne da aka cusa a jadawali don a cike lokaci. A cikinsa ake yanke ko za ka fita makaranta kana mai kwafar maganar wasu, ko kana mai iya ajiye taka a inda za a karanta.

Ni dai a aji biyu na sakandare na gamu da wanda ya fitar da ni daga kwafa. Wani malamin Hausa ne, mutumin Zariya, mai sanyin murya, ba ya riƙe bulala. A makarantar, in ba a darasinsa ba, duk wanda aka ji yana Hausa ko Adara sai monita ya rubuta shi a ci shi tara, wai ya yi banakula. Wata Laraba malamin ya shigo bai taɓa alli ba. Ya ce gobe kasuwa, kowa ya je ya zaɓi abu ɗaya tak, ya tsaya ya dube shi, ya rubuto shafi guda. Muka tambaye shi samfuri. Ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan, ku ne za ku ba ni samfuri."

Na zaɓi layin 'yan hatsi, tun da mahaifina manomi ne, kuma ina ganin babu abin da ban sani ba a can. Na cika shafi da maganganu irin su "ana sayar da masara da tsada" da "mutane suna ta ciniki cikin farin ciki". Da littafina ya dawo ban ga maki ba, ban ga jan biro ba. Tambayoyi uku na gani a gefe, da fensir. Nawa ne tsadar? Wa ya ce da tsada, mai saye ko mai sayarwa? Mudu nawa ne a buhu? Na zauna da tambayoyin nan kamar wanda aka kama da satar nama. Duk shekara ina raka mahaifina kai masara kasuwa, amma ban san amsar ko ɗaya ba. Alhamis ta gaba na koma da littafi a aljihu. Na tsaya ina ƙirga awo. A nan na lura wani mai sayen hatsi yana da mudu biyu: wanda yake auna na manoma da shi ya fi wanda yake sayar wa masu cefane da shi zurfi, ga shi kuma in zai saya sai ya yi tozo ya tallafe da hannu. Na rubuta yadda na gani, da adadin mudun da na ƙirga. Na karanta wa mahaifina da dare. Bai ce komai ba, amma daga lokacin da mudunsa yake zuwa kasuwa.

Ka lura da abin da ya faru. Ba wai na san abin ba ne sa'an nan na rubuta shi. Rubutun ne ya tona mini asirin cewa ban sani ba. Idan kana magana da baki, kana iya tsallake rami da "ka gane ai", abokin hirarka ya gyaɗa kai, ku wuce. Takarda ba ta gyaɗa kai. Duk inda tunaninka yake da rami, a nan jimlar za ta tsaya ta ƙi tafiya, ko ta fito fanko kamar tawa ta farin cikin masu ciniki. Shi ya sa ɗalibin da ke rubuta bayanin darasin kimiyya ko na tarihi da kalmomin kansa yakan riƙe shi fiye da wanda ya kwafe shafi goma daga allo. Na gwada wannan a azuzuwana shekara da shekaru, ban ga ya saɓa ba.

Daga baya, ina Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kusa da Kafanchan, na ji labarin wani malami ɗan ƙasar Brazil mai suna Paulo Freire. A 1963, a wani gari da ake kira Angicos, ya jagoranci koya wa manya kimanin ɗari uku karatu da rubutu cikin 'yan makonni, ta hanyar fara darasi da kalmomin aikinsu da zamansu na yau da kullum. A Brazil ta wancan lokaci wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a, don haka kowa ya san abin da darasin yake nufi. Da sojoji suka ƙwace mulki a 1964 suka tsare shi, daga baya ya yi gudun hijira. Freire ya soki irin koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusun banki, malami ya zuba, ranar jarrabawa ya cire. Ban sani ba ko malaminmu na Zariya ya taɓa jin sunansa, amma da na karanta shi, fensirin nan na gefen littafina na tuna.

To, kada ka ji wannan ka ce ashe ƙa'idojin rubutu ba su da amfani. A nan ne ma nake so ka buɗe kunne, domin kai da ni mun fi kowa bukatarsu. Hausar da muke yi a yankinmu takan bar ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, takan ce "ya zo" ko da mace ce ta zo, takan ce "motan" a maimakon "motar". Wannan Hausa ba abin kunya ba ce. Da ita ake ciniki daga Kujama har Kachia, da ita ake wa'azi, da ita ake sulhu. Amma mai duba takardarka ta WAEC ko NECO bai san ka ba, ba zai ji muryarka ba, daidaitacciyar Hausa kawai yake nema. Ba ma jarrabawa kaɗai ba. Dubi wannan jimla da na taɓa gani a takardar wata ƙungiyar adashi: "ya bata kudin". Shin ya ba ta kuɗin ne, ko kuwa ya ɓata kuɗin? Tazara ɗaya da ƙugiya ɗaya ne tsakanin mai amana da mai cin amana, kuma sai da aka yi zaman sasanci a kan jimlar. Haka "ƙasa" da "kasa", haka "baƙi" da "baki". Malamin da ya ƙyale ka ba ka san waɗannan ba, wai don kada ya ɓata maka rai, ya cuce ka, domin ya bar ka a bakin ƙofa ba mabuɗi. Ka koye su har su zama maka jiki. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ƙa'ida ta zama ita ce duka rubutun, har mai jan biro ya manta cewa akwai mutum a bayan jimlar.

Ina faɗin haka ne domin ni kaina na manta, kuma ban manta ina sabon malami ba, na manta ne bayan na yi furfura.

Ranar Alhamis 18 ga Oktoba, 2018, rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani. 'Yan sanda sun ce mutum 55 suka rasa rayukansu. An sa dokar hana fita, Musulmi da Kirista kowa ya yi kuka. Da aka koma makaranta, na ga ya fi sauƙi in ci gaba da manhaja kamar ba abin da ya faru. Na ba 'yan aji uku na ƙaramar sakandare insha'i mai taken ranar da ba zan manta da ita ba, take ne da nake bayarwa kowace shekara, kuma wallahi ban yi tunanin abin da nake tambaya ba. Na kwashi littattafai fiye da sittin na tafi gida, na zauna da jan biro bayan cin abincin dare, ina sauri. Idona ƙugiya yake nema, da aya, da waƙafi, da "ya" inda ya kamata a sa "ta". Na zo kan littafin wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a bencin baya. Na zagaye kurakurai har shafin ya yi ja, na ba ta huɗu cikin ashirin, na rubuta a ƙasa, "Ki kula da ƙa'idojin rubutu." Na ɗauki na gaba.

Mako biyu ba ta ba da aiki ba. Na uku ma haka. Da na kira ta, ta tsaya kanta a sunkuye ta ce, "Malam, ban iya ba ne." Na karɓi littafin don in nuna mata inda za ta gyara, sai na karanta shafin, karatu na farko ke nan na gaskiya. Ta rubuta yadda ita da mahaifiyarta suka bar kayan rumfarsu suka gudu, yadda takalminta ɗaya ya cire ba ta tsaya ba, yadda wata mata da ba addininsu ɗaya ba ta ja su cikin gidanta ta rufe ƙofa, suka kwana a ɗakin girki. Ta rubuta cewa da suka koma, abin da suka tarar na rumfar shi ne ƙarfen sikeli. A kan jimlar sikelin nan na zana da'ira ja, domin ta rubuta "karfe" babu ƙugiya. Yarinya ta ba ni abin da wataƙila ba ta gaya wa kowa ba, ni kuma na mayar mata da amsa irin ta malaminmu na aji uku: ga kuskurenki a rubuce.

Na ba ta haƙuri a gaban tebur, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ta ji nauyi, ta ce, "Ba komai, Malam." Na san da komai. Na ce ina so in ji sauran labarin, in ta yarda, kuma ba zan sa maki ba. Ta ɗauki kusan wata guda kafin ta kawo. Shafi huɗu ne. Na karanta biro yana aljihu. Na yi mata tambayoyi a gefe da fensir: matar nan kun san ta a da? Me mahaifiyarki ta ce mata da safe? Ta sake rubutawa, ya zama shafi shida. Sai a karo na uku muka zauna tare muka bi ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ita ke riƙe da jan biron, ni ina nuna layi. Ta kama fiye da rabin kurakuran da kanta. Tun daga lokacin haka nake yi da kowane aji: karatu na farko don in ji abin da aka ce, na biyu don tambaya, na uku don gyara. Yana cin lokaci, kuma da littafi sittin ba kullum nake cika shi ba. Kai ma kana da haƙƙin ka nemi haka daga malaminka cikin ladabi. Idan ya mayar maka da littafi ja jawur, ka gyara, sa'an nan ka tambaye shi, "Malam, abin da na faɗa fa, ya fita?"

Muna cikin gyaran nan na uku ta tsaya a kan wata kalma. Sunan wani irin kwando ne da mahaifiyarta ke zuba kaya a ciki, kuma kalmar ba ta Hausa ba ce, ta harshensu ce. Ta ɗaga biron ta ce, "Malam, in soke ta?" Na tambaye ta ko ta san sunansa da Hausa. Ta ce kwando dai, amma ba irin wannan kwandon ba ne, wannan yana da murfi da igiyar ratayawa. Na ce ta bar kalmar, ta ja mata layi a ƙasa, ta yi bayaninta a jimlar da ke biye. Ta rubuta bayanin, ta juyo da littafin wajena. Na karanta kalmar da ƙarfi, ta yi dariya ta ce ba haka ake faɗi ba, ta maimaita mini har sau uku kafin na kama.